Kimiyya Da Zamani: Yadda Ake Shirya Wa Na'ura Rumbun Tuni

A cikin shekarar 1953, a birnin Hartford na ƙasar Amurka, wani likitan fiɗa mai suna William Scoville ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 27 aiki a ƙwaƙwalwa, don ya raba shi da ciwon farfaɗiya wanda ya hana shi sakat tun yana yaro. Likitan ya yanke wani ɗan yanki daga kowane gefe na ƙwaƙwalwar. Farfaɗiyar kuwa ta lafa, amma sai aka wayi gari saurayin nan, Henry Molaison, ya rasa wani abu da ba wanda ya yi zato. Hankalinsa yana nan daram, maganarsa ba ta gurɓace ba, ya san sunansa da na iyayensa, yana kuma tuna abubuwa da dama na ƙuruciyarsa. Abin da ya gagare shi shi ne riƙe sabon abu. In baƙo ya zo suka gaisa suka taɓa hira, baƙon ya fita ya komo bayan 'yan mintoci, to, sai an sake gabatar da shi, gama a wurin Henry wannan fuska ba a taɓa ganinta ba. Haka wannan bawan Allah ya zauna har shekara 55, ya rasu a 2008, masana suna ta zarya a kansa.

Wata masaniya daga birnin Montreal, Brenda Milner, ta gano wani abin mamaki game da shi. Ta sa shi ya bi zanen tauraro da fensir yana duban hannunsa ta cikin madubi, aikin da kan rikita kowa da fari. Kwana uku ana yi, hannunsa yana ta ƙara ƙwarewa, amma duk ranar da aka kawo masa madubin sai ya ce shi bai taɓa yin wannan aiki ba. Ashe tuni iri-iri ne, kuma kowane iri da ma'ajinsa.

Dalilin kawo wannan labari a wannan fili shi ne, na'urorin nan masu hira da mutane, waɗanda suka cika duniya tun daga ranar 30 ga Nuwamba, 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, a asalin halittarsu cutar Henry ce gare su. An horar da su da rubuce-rubuce masu yawan gaske, sun san abin da aka cusa musu lokacin horo, amma daga ranar da aka rufe horon ba abin da ke ƙara shiga kansu. Da a ce amsa tambaya ɗaya ne kaɗai aikinsu, da abin ya zo da sauƙi. To, amma yanzu an kai ga aiken su. Ana ba na'ura izini ta buɗe wasiƙun mutum, ta duba masa lissafi, ta bi masa bashi, ta rubuta tsarin da kwamfuta ke aiki da shi, wani aikin ma ya ɗauki kwanaki ko makonni. Irin wannan na'ura ita ake kira wakili. Wakilin da ya manta saƙon da aka ba shi jiya kuwa, kowane ɗan kasuwa ya san irin ɓarnar da zai iya yi.

Masana suna da sunan da suke kiran ɗan filin da na'ura take iya gani a lokaci guda, amma ga Bahaushe babu sunan da ya dace da shi kamar allo. Duk abin da ke rubuce a kan allon, na'ura tana ganinsa tana aiki da shi; abin da ba ya kan allon kuwa, tamkar babu shi a duniya. Bambancinta da almajiri shi ne, almajiri ba ya wanke allo sai karatu ya zauna masa a ka, ita kuwa ana wanke mata allo alhali ko harafi bai shiga kanta ba. Da guntayen kalmomi ake auna girman allon. Na ChatGPT na farko yana ɗaukar guntaye wajen 4,000, watau kalmomin Turanci kamar 3,000. A watan Mayu na 2023 kamfanin Anthropic ya faɗaɗa na Claude zuwa 100,000, sa'an nan a Fabrairun 2024 kamfanin Google ya nuna Gemini mai ɗaukar miliyan ɗaya.

Mai karatu zai iya cewa, to, ai magana ta ƙare, a zuba kome a kan babban allo a huta. Ba a huta ba. Da farko dai kowane guntun kalma da aka ɗora kuɗi ne da lokaci, domin duk sa'ad da na'ura za ta ba da amsa sai ta yi la'akari da abin da ke kan allon kaf. Na biyu, kuma shi ya fi muni, yawan rubutu yana rikita ta. A cikin 2023 waɗansu masana, a ƙarƙashin Nelson Liu na Jami'ar Stanford, suka yi wani gwaji mai sauƙi. Sukan ba na'ura tambaya tare da takardu 10 ko 20 ko 30, ɗaya tak daga ciki ke ɗauke da amsar, sa'an nan su riƙa sauya wa takardar nan wuri. In tana farko ko tana ƙarshe, na'ura kan same ta. In ta faɗa tsakiya, sai ta riƙa ɓacewa. Kai, har an sami na'urar da in amsar tana tsakiyar takardu 20 ko 30, gara ma a ce ba a ba ta takarda ko ɗaya ba. Na'urorin da aka ƙera daga baya sun rage wannan aibi ƙwarai, amma ba a rabu da shi ɗungum ba, musamman in allon ya cika da abubuwa masu kama da juna.

Sabili da haka ne ake gina wa wakili rumbu a waje da allo, inda zai riƙa ajiye abin da ya ji da abin da ya yi. Ajiya kam ba ta da wuya, kwamfuta ba ta gajiya da ita. Wuyar aikin tana wajen ɗebowa: a cikin abubuwa dubu goma da aka tara, yaya za a yi a zaro guda biyar ɗin da ake bukata a wannan sa'a, a bar sauran?

Wannan tambaya ta girmi kwamfuta da shekaru fiye da dubu, kuma malaman Musulunci suna cikin waɗanda suka fi shan fama da ita. Ba ana kwatanta maganar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tarkacen da na'ura ke tarawa ba ne, Allah ya tsare. Hikimar malamai wajen shirya littafi ake so a duba. Imam Ahmad bin Hanbal, wanda ya rasu a 855, ya tara hadisai fiye da 27,000 a cikin Musnad, ya jera su bisa ga Sahabin da ya rawaito kowanne. Ga wanda yake son ya san abin da aka karɓo daga wani Sahabi, babu shirin da ya fi wannan. Amma alƙalin da aka kawo masa ƙara a kan ciniki, bai kuwa san wane Sahabi ne ya rawaito hukuncin ba, sai ya yi ta laluben mujalladai. Imam Buhari, wanda ya rasu a 870, ya bi wata hanya: ya jera nasa bisa ga babi-babi, tsarki dabam, salla dabam, ciniki dabam. Bugu da ƙari, in hadisi ɗaya ya shafi mas'aloli uku, yakan kawo shi a wurare ukun, don duk ƙofar da mai nema ya biyo ya tarar da shi. Shekaru fiye da dubu bayan Imam Ahmad, wani malami mai gyaran agogo a Masar, Shaihu Ahmad al-Banna wanda ake wa laƙabi da al-Sa'ati, ya duƙufa shekara da shekaru yana sake jera Musnad bisa ga babobin fiƙihu, ya sa wa aikin suna al-Fathur Rabbani. Hadisan suna nan yadda suke, ƙofar shiga ce ya sauya, kuma malamai sun ga aikin ya cancanci rayuwar mutum.

Akwai kuma ƙofa ta uku, ta wanda ya tuna kalma ɗaya tak daga cikin hadisi. Don irinsa ne wani shaihun malami na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan, A. J. Wensinck, ya fara tsara fihirisar kalmomin littattafan hadisi tara, malamin Masar Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi yana cikin masu taimakawa. Mujalladi na farko ya fito a 1936, Wensinck ya mutu a 1939, na bakwai bai fito ba sai 1969. Abin da duk wannan ke nunawa shi ne, shiri yana bin tambayar da za a zo da ita. Wanda zai gina wa wakili rumbu, kafin ya aza tubali ɗaya, tilas ya zauna ya lissafa irin tambayoyin da za a riƙa yi: ta sunan mutum za a nema, ko ta kwanan wata, ko ta batu, ko ta wata kalma da aka tuna? Da yawa daga masu ƙera waɗannan na'urori sukan tsallake wannan zama, su zuba kome a rami ɗaya, sa'an nan su koma suna zargin na'ura da daƙiƙanci.

Hanyoyin nema a cikin rumbun na'ura manya guda biyu ne. Ta farko ita ce ta Wensinck, watau neman kalma da kalma. A 1972 wata masaniya ta Jami'ar Cambridge, Karen Spärck Jones, ta kyautata wannan hanya da wata dabara wadda har yanzu ake cin moriyarta: kalmar da ba ta cika fitowa ba ta fi nauyi a wajen nema bisa ga kalmar da ke ko'ina. In an nemi "kuɗin atamfa", kalmar atamfa ce za ta kai mutum gida, gama kuɗi yana cikin kowace takarda. Hanya ta biyu sabuwa ce, ta bunƙasa ne bayan aikin da Tomas Mikolov da abokansa suka yi a Google a 2013. Akan mayar da kowace magana ta zama jerin lambobi ɗaruruwa ko dubbai, ta yadda maganganu masu ma'ana kusa da juna za su sami lambobi kusa da juna. Da haka wanda ya tambayi "ciwon ciki" zai iya samun takardar da ta ce "gudawa", ko da yake babu kalma ɗaya da ta haɗa su. A 2020 Patrick Lewis da abokan aikinsa na sashen bincike na Facebook suka nuna yadda za a haɗa irin wannan nema da na'ura mai rubutu, a ɗebo takardun da suka dace a ɗora mata a kan allo kafin ta amsa.

An yi ta yabon hanya ta biyu kamar ita ce ƙarshen magana, amma tana da makanta. Lambar rasit, lambar mota, sunan magani, duk waɗannan ba su da wata ma'ana da za a kusanta. Ko dai su ne ko ba su ba ne. Daɗin daɗawa, a idon wannan hanya "ya biya" da "bai biya ba" maƙwabta ne na kusa, tun da magana ɗaya suke yi a kan abu ɗaya, alhali a wurin mai bin bashi tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Shi ya sa masu hankali a cikin masu wannan sana'a suke haɗa hanyoyin biyu, su nema ta kalma su nema ta ma'ana, kana su tace abin da aka samo.

A nan akwai abin da ya shafi Hausa kai tsaye. Mutane da yawa suna rubutu a waya ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, sai ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata, ƙafa ta zama kafa. Ko an lanƙwasa ma, rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka gari na mutane da gari na tuwo siffarsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Mai neman kalma da kalma zai kwaso duka ya zube a kan allo. Sunaye kuwa sun fi haka rikici. Mutum ɗaya ne Abubakar a takardar banki, Garba a kasuwa, Habu a gida, Alhaji mai atamfa a bakin yaran shago. Wakilin da ba a shirya masa rumbu ba zai buɗe wa wannan mutum fayil huɗu, ya rubuta bashinsa a ɗaya, ya rubuta biyansa a wani, ranar lissafi ya tasa mutumin kirki gaba da neman kuɗin da ya riga ya biya. Maganin abin tsohon akawun rajista ya san shi: mutum ɗaya fayil ɗaya da lamba ɗaya, a kuma jera duk sunayensa a bangon fayil ɗin.

Gwajin da ya fi kowanne shahara a kan wannan al'amari shi ne wanda Joon Sung Park da abokansa na Stanford da Google suka bayyana a watan Afrilu na 2023. Sun gina wani ɗan ƙauye a cikin kwamfuta, suka sa masa suna Smallville, suka zuba wakilai 25 a ciki, kowanne da sunansa da sana'arsa da iyalinsa, suka bar su su yi zaman kwana biyu na ƙauyen. Duk abin da wakili ya gani ko ya ji ko ya yi, ana rubuta shi a jere da lokacinsa. Sa'ad da zai yi wani abu, sai a auna kowane tuni da ma'auni uku: yaushe rabon da a taɓa shi, mene ne muhimmancinsa, kuma yaya kusancinsa da abin da ake ciki yanzu. Muhimmancin na'urar ce da kanta take yanke shi tun lokacin ajiya, daga 1 zuwa 10. Goge haƙori 1 ne, rabuwa da masoyi ko samun shiga jami'a 10. Waɗanda suka fi maki su ake ɗorawa a kan allo. Masanan suka sanya wa wakiliya ɗaya, mai gidan shayi, niyyar yin liyafa ranar 14 ga Fabrairu, ba su gaya wa kowa ba. Labari ya bi baki-baki har ya kai ga wakilai 12, biyar daga cikinsu suka tuna rana da wuri suka halarta.

Wani abu kuma da suka ƙara shi ne waiwaye. In abubuwa masu muhimmanci suka taru har makinsu ya wuce 150, sai wakili ya dakata ya duba abin da ya tara, ya fitar da hukunci a taƙaice, alal misali cewa wane mutum ne mai himma a kan bincikensa, ya ajiye wannan hukunci a matsayin sabon tuni. Wannan ya yi daidai da rabon da Endel Tulving na Jami'ar Toronto ya yi a 1972, inda ya bambanta tunin abin da ya faru a wani lokaci da wani wuri, da sanin abu wanda ya rabu da ranar da aka koye shi. Kowa ya san Abuja ce hedkwatar Nijeriya, amma ƙalilan ne za su iya faɗin ranar da suka fara ji. In an haɗa da abin da Milner ta gani a hannun Henry, watau iyawa, an sami ɗakuna uku: abin da ya faru, abin da aka sani, abin da aka iya. Ɗaki na ukun ma an gina wa na'ura shi. A 2023 ɗin dai waɗansu masana na kamfanin Nvidia da jami'o'in Amurka suka saki wakili mai suna Voyager a cikin wasan Minecraft, duk dabarar da ya gwada ta yi aiki sai ya ajiye ta tare da ɗan bayanin amfaninta, in bukata ta taso ya nemo ta ta wannan bayani.

Sai dai waiwaye yana da haɗarinsa, kuma masanan Stanford ba su ɓoye ba. Wakilansu sukan yi ƙari a kan abin da suka sani. Akwai wadda maƙwabcinta sunansa Adam Smith, sai kawai ta ce ai shi ne masanin tattalin arzikin nan da ya wallafa mashahurin littafi, alhali mai littafin ya mutu tun 1790. A ƙauyen wasa wannan abin dariya ne. A asibiti ko a banki, taƙaitawar da ta karkace ta kuma zauna a rumbu a matsayin gaskiya tana iya cin dukiya ko rai, domin daga ranar nan wakili ba zai koma ga asalin magana ba, taƙaitawarsa zai riƙa karantawa.

A watan Oktoba na 2023 Charles Packer da abokansa na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da MemGPT, wanda ya aro dabarar da aka fara amfani da ita a kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a 1962: ƙaramin ma'aji mai sauri, babban ma'aji mai nawa, ana ta musayar shafuka a tsakaninsu. Sabon abin shi ne wakilin ne da kansa yake yanke abin da zai sauke da abin da zai ɗauko, in allo ya kusa cika kuma a yi masa gargaɗi ya kwashe abin da yake so kafin a wanke.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, bayan duk wannan zurfin lissafi, a 2025 sai aka ga manyan kamfanoni suna komawa ga fayil da fihirisa irin na ofishin En'e. A shekarar nan Anthropic ya ba Claude hanyar ajiye tuni a cikin fayiloli na rubutu zalla, waɗanda yake buɗewa ya karanta ya gyara. Ya kuma fito da wani tsari na koya wa wakili ayyuka inda suna da ɗan bayani na layi ɗaya ko biyu ne kaɗai ke zama a kan allo, cikakken bayanin yana can a ajiye sai an bukace shi. Tsarin ɗakin karatu ke nan: ba a ɗauko wa mai karatu littattafai duka, katin fihirisa ake nuna masa. Amma in haka ne, to, nauyin aikin duka ya koma kan layin nan guda. Fayil ɗin da aka rubuta wa "bayanai daban-daban" a goshi ya mutu tun ranar da aka haife shi, gama ba tambayar da za ta kai kowa gare shi. Wanda aka rubuta wa "magungunan da jikin wance ba ya karɓa, a duba kafin a rubuta mata kowane magani" ya faɗi abin da ke cikinsa, ya kuma faɗi lokacin da za a buɗe shi, kuma wannan na biyun shi ne aka fi mantawa da shi.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙarshe da hannu shi ne Niklas Luhmann, shaihun malamin ilmin zaman jama'a na Jami'ar Bielefeld a Jamus, wanda ya mutu a 1998 ya bar katuna wajen 90,000 a cikin akwatunan katako, da littattafai fiye da 50 da ya wallafa da taimakonsu. Kowane kati da lambarsa wadda ba ta sauyawa, kowanne kuma yana nuni ga lambobin waɗansu katuna masu dangantaka da shi. Fihirisarsa ba ta lissafa duk inda kalma ta fito. Takan ba da ƙofa ɗaya ko biyu ko uku, in an shiga sai katunan su riƙa miƙa mutum ga junansu. A farkon 2025 waɗansu masana suka fito da tsarin tunin wakili mai suna A-MEM, suka kuma faɗa a fili cewa daga irin akwatunan nan suka aro shi. Fifikon wannan hanya ta rubutu zalla a kan jerin lambobi shi ne mai gida yana iya buɗe rumbu ya karanta da idonsa abin da wakilinsa ya rubuta a kansa. Wannan fifiko ba ƙarami ba ne, ko da za a ce neman ya ɗan fi nawa.

Saura magana biyu waɗanda kowane kati ya kamata ya ɗauka, watau yaushe da kuma daga wa. Gaskiya tana tsufa. Farashin buhun shinkafa na bara ƙarya ne a bana, mutum yakan tashi daga unguwa, maras lafiya yakan sauya magani. In an rubuta sabon bayani aka bar tsohon yana nan ba alama, mai neman ma'ana zai ɗebo su tare domin kamarsu ɗaya, na'ura kuwa ta zaɓi wanda ta ga dama. Tilas ne sabon ya soke tsohon a fili, a rubuta ranar sokewa, a kuma ware lokaci-lokaci na sharar rumbu.

Batun daga wa kuwa, malaman hadisi sun gama da shi tuntuni da suka ƙi karɓar magana sai da isnadi. A Fabrairun 2024 OpenAI ya sanar da cewa ChatGPT zai fara tuna abubuwa daga hira zuwa hira. A cikin shekarar nan wani mai binciken tsaron kwamfuta, Johann Rehberger, ya nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin takarda ko shafin intanet, in mutum ya ba na'urar ta karanta masa, sai ta rubuta ƙarya a rumbunta kamar daga bakin mai ita ta fito. A gwajinsa ya sa ta yarda cewa mai amfani da ita shekarunsa 102, kuma ya haƙiƙance duniya shimfiɗaɗɗiya ce, ta kuwa ci gaba da riƙe wannan a hirarrakin da suka biyo baya. Kamfanin ya toshe hanyar da Rehberger ya nuna ta satar hirar mutane ta wannan kafa. Amma tushen matsalar yana ga duk rumbun da bai bambanta abin da mai gida ya faɗa da bakinsa, da abin da aka tsinta a takardar baƙo, da abin da wakili ya hakaito da kansa ba.

Har ila yau akwai hukuma a cikin maganar. Dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2018, ta ba mutum ikon neman a share bayanansa, haka ma dokar Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba ɗan ƙasa ikon neman a gyara ko a share abin da aka ajiye a kansa. Banki ko asibiti ko kamfanin waya da ya ɗauki wakili aiki, ranar da wani ya zo da wannan bukata, sai ya nemo duk inda sunan mutumin ya shiga: a jerin abin da ya faru, a fayil ɗinsa, da kuma cikin hukunce-hukuncen da wakili ya fitar lokacin waiwaye, inda wataƙila ba a ambaci sunan ba amma maganar tasa ce. Na ƙarshen nan ba ya samuwa sai in kowane hukunci yana ɗauke da nuni ga asalin da aka ciro shi. A ƙauyen Smallville an yi haka: duk hukuncin da wakili ya fitar, yakan rubuta a gefensa lambobin tunin da ya dogara da su, ta yadda mai bincike zai iya binsu ɗaya bayan ɗaya har ya isa ga abin da aka gani da ido ko aka ji da kunne.